Malam Lado da Sarƙar Attarugu

Shekara talatin da ɗaya Malam Lado ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare a cikin Katsina. Aikinsa shi ne ya buɗe ɗaki da safe, ya share, ya jera kwalabe da wayoyi kafin malamin kimiyya ya shigo da ɗalibai, in an tashi ya wanke ya kulle. Malaman kimiyya tara suka zo suka tafi a kan idonsa. Wani mai zafi, wani mai barci, wani kuma ya fi ɗaliban tsoron kwalaben. Shi dai Lado yana bakin taga da tsumma a kafaɗa. Bai taɓa riƙe alli ba, amma duk ranar da gwaji ya ƙi ci, shi ake waiwayawa a kalla. Sai ya tako a hankali, ya juya waya ɗaya, ya koma wurinsa kamar ba shi ba.

Gwajin da ya fi so shi ne na makulli. A narka wani shuɗin gishiri a kwalba, a ɗiga masa ruwan batir, a rataya makulli a waya ɗaya, guntun jan ƙarfe a ɗaya wayar, a haɗa da batir. Kafin a kaɗa ƙararrawa makullin ya yi jawur kamar sabon kwabo. Duk makullan gidan Lado sun bi ta cikin kwalbar nan, har da na ɗakin kaji. Wata rana kuma, don ganin ƙwaƙwaf, ya fasa fensir ya rataya gawayin cikinsa a madadin makulli, sai ya ga shi ma ya ɗauki ruwan jan ƙarfen tsaf. Ya ce a ransa, ashe duk abin da aka shafe da gawayin fensir zai iya ɗauka. Bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye maganar a cikinsa har shekara goma sha biyu.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida Ƙofar Kwaya, matarsa Hajo ta riga ta tsara masa rayuwa. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse, zaure babu kowa, saboda haka a kafa kanta a zuba sabulu da sukari da ashana. Lado ya ce to. Ya kafa kantar kuwa, da kyau, har hawa uku. Sai dai abin da ya hau kanta ba sabulu ba ne. Wata tsohuwar kwalbar alewa ce mai faɗin baki, da batirin babur, da ƙwan fitila ƙarami, da damin jar waya da ya warware daga cikin wata fanka da ta ƙone.

"Malam, wannan mi za a sayar?" in ji Hajo.

"Ki dai bari tukuna."

Da ganyen bedi ya fara, wato dogon yaro, na bishiyar ƙofar gida. Ya daka gawayin fensir ya kwaɓa da ƙaro, ya shafe ganyen, ya tsoma. Zuwa azahar ruwan ya cinye ganyen, ya koma kamar miyar kuka. Ya sake, ya sake narkewa. A karo na huɗu ya gane dole sai ganyen ya bushe ƙamas, sannan a rufe shi da wani abu da ruwa ba ya ratsawa kafin a shafa gawayin. Ya yi tunani ya yi tunani, bai ga abin da ya fi man farcen mata ba, irin marar launin nan.

Haka ya sa hularsa, da farin gemunsa da carbinsa, ya nufi layin masu kayan kwalliya a kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa ya nuna abin da yake so. Mai shagon ya ɗauko yana murmushi.

"Baba, na Hajiya ne?"

"Nawa ne," in ji Lado.

Mai shagon ya zaɓi ya ji kamar kuɗin ake tambaya, ya faɗa.

"A'a, ce maka na yi nawa ne. Ni zan yi amfani da shi. Ba ni guda shida."

Mutumin ya sauke ido a hankali ya dubi farcen Lado na hannu, sannan ya leƙo ta kan teburi ya dubi na ƙafa. Ya ƙulla su a baƙar leda, ya ƙara wata a kai, ya ce Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Kwana biyu ganye na biyar ya yi cikin kwalba, wuta na shigarsa kaɗan-kaɗan, don in ta yi yawa sai jan ƙarfen ya ƙone ya yi ƙuraje. Sannan Lado ya ciro shi ya ɗauraye. Ganyen ne sak, da kowace jijiya tasa da tsinin bakinsa, har da ramin da tsutsa ta ci, amma ya zama ƙarfe, in ka ƙwanƙwasa da farce sai ya yi ƙara. Ya shiga cikin gida da shi a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Hajo na tsintar shinkafa. Ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta miƙo masa.

"To ai ganyen bedi ne, Malam. Ga shi nan kullum ina share buhu guda."

Daga nan kayan miyar Hajo suka fara ɓacewa. Yau kanumfari ya ragu, gobe kimba, jibi busasshiyar kuɓewa. Ta ce ɓera ne, ta kafa tarko. Tarko bai kama komai ba, barkono kuma ya bi sahu. Ta aro kyanwar maƙwabta, kyanwa ta yi mako guda tana cin kifin miya tana barci a kan buhun gero. Hajo ta fara yi wa duk macen da ta shigo ɗiban wuta kallon ƙasa-ƙasa. Sai wata safiya da ta kai wa Lado koko a zaure ta ɗaga kai, ta ga igiya daga bango zuwa bango, ga kimbarta da kuɓewarta da kanumfarinta a rataye reras, sun yi baƙi ƙirin da gawayi, suna shan iska.

Ta ajiye kwanon koko a hankali.

"Malam, ashe kai ne ɓeran? Na zargi maƙwabciyarmu Rabi, na zargi ɗiyar Rabi, na ciyar da kyanwar mutane kwana bakwai!"

Lado bai yi musu ba. Ya buɗe wani gwangwani ya fito da 'yan kunne guda biyu, barkono ne ƙanana masu lanƙwasa, sun sha ruwan jan ƙarfe an goge su suna ɗaukar ido. Hajo ta karɓa ta juya su. Can ta ce za ta sa su ne kawai don kada barkononta ya tafi a banza.

Gidan suna ta je da su. Ta dawo da la'asar kunnuwanta sun yi ja saboda ja da taɓawa, don babu macen da ba ta kama ta duba ba. Ba ta cire su ba har kwana uku, da su take girki da su take wanka. Rana ta huɗu ta dubi madubi ta ƙwala salati. Fatar kunnenta ta yi kore shar.

"Malam! Kunnena ya fara tsiro!"

Lado ya duba, ya yi mata bayani cewa halin jan ƙarfe ke nan in ya haɗu da gumi, kuma sabulu zai fitar. Hajo ta ce bayanin nan da ya zo kafin sunan da ya fi amfani. Tun daga ranar duk abin da ya gama sai ya sake rufe shi da man farce, maratayin kunne kuma ya riƙa kai wa wani maƙerin azurfa yana yi masa.

Kafin damina ta faɗi, zauren ya zama wurin zuwa. Lado ba ya iya magana da mata, da an gaisa sai ya sunkuyar da kai ya kama gyaran waya, saboda haka Hajo ta zama bakinsa. Ita ke nuna kaya, ita ke cewa wannan ƙwallon dabino ne, wannan furen tumfafiya ne, wannan kuwa fara ce da ƙafafunta shida. Labari kuma ya fita ya ƙara kitse a hanya, har ana cewa akwai wani malami a Ƙofar Kwaya mai mayar da abu zinariya. Wani ya kawo tsakuwa cike da hula. Wani ya zo ya wangame baki ya nuna haƙorinsa na gaba, ya ce a yi masa shi a inda yake. Lado ya nuna masa kwalbar da ruwan batir, ya ce sai dai in zai iya tsoma kansa ciki kwana biyu.

Ana cikin haka Hajiya Bilkisu ta zo. Babbar 'yar kasuwa ce mai sayar da leshi da atamfa, irin matan da in sun sa abu ranar Asabar, zuwa Litinin an fara nemansa a gari. Ɗanta zai yi aure, tana son abin wuyan da babu mai irinsa. Hajo ta baje mata duk abin da ke gwangwani, ta taɓe baki. Wannan ya yi ƙanƙanta, wancan ya yamutse. Sai idonta ya faɗa kan faifan cefanen Hajo, inda attarugu ke zube, ɗanye shakaf, kowanne ya cika ya yi ɓul-ɓul.

"Wannan nake so. Guda bakwai, a jere, babban a tsakiya."

Lado ya ɗago kai, abin da bai saba ba. "Hajiya, ɗanye ne. Sai ya bushe."

"In ya bushe zai tsaya haka?"

"A'a, zai motse."

"To ni motsattse ya ishe ni gani a madubi. Haka nake son shi. Biki saura kwana takwas."

"Ai abin da ke ciki, Hajiya, in aka rufe shi da ruwansa..."

"Zai yi, Hajiya," in ji Hajo, ta taka masa ƙafa. "Malam ne da kunya. Babu abin da ba ya iyawa."

Bayan ta tafi Lado ya ce wa Hajo abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Hajo ta ce shekara talatin yana bakin taga, yau an buɗe masa ƙofa yana neman komawa. Lado ya kama aiki. Ya shafa wa attarugun man farce har sau uku, ya bar su cikin kwalba fiye da ƙa'ida don bawon ya yi kauri, yana fata ko iska ba za ta sami hanya ba. Da ya gama ya jera su a sarƙa, shi kansa sai da ya tsaya kallo. Bai taɓa yin abu mai kyan wannan ba. Hajiya ta aiko aka karɓa, ta ajiye a cikin mota kwana biyu don kada 'yan'uwa su gani kafin ranar, a tsakiyar zafin bazara.

Ranar wunin biki Lado na zaure yana goge wani ƙwallon magarya, sai ga Hajo ta faɗo tun kafin la'asar, takalmanta a hannu, mayafi a karkace. Ta zauna a kan benci tana haki.

"Lafiya?" in ji shi.

"Ina fa lafiya! Bari in gaya maka. Da farko komi lafiya lau. Hajiya ta shigo, sarƙa na walƙiya, mata suka yi caa, har masu ɗaukar hoto suka bar amarya. Ni kuwa ina gefe ina cewa mijina ne ya yi, mijina ne ya yi. Babu wadda ban gaya wa ba, Malam, har da masu raba ruwa. Sai aka ɗauke wuta, fankoki suka tsaya."

"To?"

"Sai wani wari ya taso. Ba warin da ka sani ba. Kamar an jiƙa daddawa an mance da ita, ga kuma yaji a ciki mai shiga maƙoshi. Duk mai goyo ta sauke ɗanta ta duba. Aka aika wurin masu girki, aka ce su ne, uwar girkin ta fito da ludayi tana rantsuwa. Zabiya ta ɗauko kirarin Hajiya ke nan, ta kai tsakiya, sai atishawa, a cikin lasifika kuwa. Hajiya idanunta suka kama zubar da ruwa, mata na cewa Allah sarki, uwa, ɗa zai bar gida. Ta tashi ta koma wancan gefen, wari ya bi ta. Ta sake tashi ta koma bakin ƙofa, ya bi ta. Duk inda ta zauna sai ka ga kujeru na ja da baya."

Lado ya dafe kai. "Ya huje."

"Babban na tsakiya! Ina kallo wani ruwa ya ɗigo daga gindinsa, ɗis, a kan farin leshi. Sai wata ta sunkuya ta shinshina ta ce, Hajiya, ai daga wuyanki ne. Nan duk suka juyo suna neman matar wanda ya yi sarƙar. Ni ko na cire takalmi na bi ta bayan masu wanke-wanke."

Washegari da hantsi motar Hajiya ta tsaya a ƙofar gida. Hajo ta shige ɗaki ta ce a ce tana salla. Lado ya fito shi kaɗai. Hajiya ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta miƙo masa leda ƙulli uku, tana riƙe da ita da yatsu biyu.

"Malam Lado, ka faɗa mani, ban ji ba. Wannan na sani. Amma kai ma da ka fi haka ɗaga murya."

"Gaskiya ne, Hajiya. Ki ba ni kwana uku."

"Ka yi mi da ita?"

"In fitar da abin da ke ciki."

Dabarar ta zo masa ne tun jiya. Ai bawon ƙarfen ya riga ya ɗauki siffa, ba ya bukatar attarugun kuma. Ya cire su daga sarƙa, ya huda kowanne da siririyar ƙusa a sama da ƙasa, ya hura gawayi a kasko a ƙofar zaure, ya jera su a kai don cikin ya ƙone ya zama toka. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne hayaƙin. Ruɓaɓɓen attarugu bakwai a kan garwashi, iska kuma ta kwashe ta bi layi da shi. Tela na farko ya fara tari, sai mai shayi, sai almajiran ɗinki, sai jama'ar da ke alwala a bakin masallaci. Awaki suka tsinke. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ake kora wa aljanu. Lado na tsaye da tsumma ɗaure a hanci, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ba kowa haƙuri yana kuma juya attarugu da awartaki, don in ya bari gefe ɗaya ya yi zafi da yawa ƙarfen zai lotsa.

Amma aiki ya yi. Da ya kakkaɓe tokar ya wanke ya goge, sarƙar ta fito fiye da da. Ta yi sauƙi a wuya, kuma in an motsa sai ƙwayoyin su riƙa gugar juna suna ƙara siririya mai daɗi. Hajiya ta shinshina kowanne ɗaya bayan ɗaya kafin ta karɓa. Da ta sake sa ta a wani taro aka tambaye ta, sai ta ce waccan ta jefar, wannan daga Dubai aka kawo mata. Maganar ta dawo kunnen Hajo, ta yi kwana biyu tana faɗa ita kaɗai a madafa. Bayan mako guda mata suka fara zuwa da hoton sarƙar a waya, suna tambaya ko Malam zai iya kwaikwayon ta Dubai. Lado ya karɓi waya, ya daɗe yana dubawa, ya ce aikin Larabawa da wuya, amma zai gwada. Ƙonawa kuwa, maƙwabta suka haɗu suka roƙe shi ya riƙa fita bayan gari.

Da kaka ta yi, wani tsoho ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar zauren, da wani dogon abu naɗe a tsumma. Ya ce sunansa Almu, daga wajen Batagarawa. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da amfanin gona, aka sake gaisawa. Sannan ya warware tsumman. Zangarniyar gero ce guda ɗaya, doguwa, cikakkiya, ta kusa kamu biyu.

"Malam, an ce kana sa ma abu rigar ƙarhe. Wagga nika so ka sa ma."

"Baba, ai ta yi girma. Wa zai rataya wannan a wuya?"

"Ba ta wuya ba ce. Gonar da ta hito, gari ya iso ta. Magada sun yanka ta fuloti-fuloti, bana ne noman ƙarshe. Tun ina bin tsohona da 'yar hauya nike nomanta. Na bi gonar kaf na zaɓo wadda ta hi kowace."

Lado ya karɓa da hannu biyu. Kwalbar alewa ko rabinta ba za ta ɗauka ba. Ya nemo guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, ya toshe gindinsa, ya tsayar da shi a kusurwa ya cika da shuɗin ruwa. Shafa gawayin kaɗai ya ci masa kwana uku, da gashin kaza, ƙwaya bayan ƙwaya, don duk inda ya tsallake nan zai fito da tabo. Ya ajiye aikin 'yan kunne gaba ɗaya, mata na zuwa suna komawa. Hajo ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi zangarniyar, ta fasa. Ita ce ma ta riƙa riƙe masa tocila yana leƙa cikin bututun.

Bayan mako biyu Almu ya dawo a kan acaɓar da ta kawo shi. Lado ya miƙa masa. Tsohon ya riƙe ta. Ya bi ta da babban yatsa daga gindi har tsini, ya ɗaga ta a rana, ya ƙwanƙwasa ta da zobensa. Ya share ido da hannun riga ya ce hasken ne ya yi masa yawa.

"To, wagga dai ta hi ƙarhin tsuntsu," in ji shi.

Lado ya kawo tsumma zai naɗe masa, ya ƙi. Ya sa aka ɗaura mata igiyar fata a kai da gindi, ya rataya ta a kafaɗa kamar takobi, ya gyara zaman hularsa, ya haye bayan babur. Ba su yi taku goma ba ɗan acaɓar ya taka birki.

"Baba, abin nan yana sukata a haƙarƙari. Ka mayar da shi baya mana."

"In na mai da ta baya wa za ya gan ta? Ja mu tahi. Kuma ka bi ta cikin kasuwa."

Suka tafi suna gardama, ana jin muryoyinsu har suka sha kwana.